Karkatar Babana

Babana bai bar wasiyya ba, kuma duk wanda ya san shi ba zai yi mamaki ba. Orval Kessler mutum ne da za ka yi tafiyar awa huɗu da shi a mota, ka sauka ba ka ji komai daga bakinsa ba sai "mu sha mai a nan." Da ya rasu a watan Maris, ni da ƙanena Gordon muka raba abin da ya bari cikin yini ɗaya, ba ko ɗaga murya. Gordon ya ɗauki gona da tarakta. Ni na ɗauki gidan, da garejin da ke bayansa, da abin da ke kwance cikin garejin a ƙarƙashin tsohon bargo, wato babur mai lamba arba'in da ɗaya.

"Me za ki yi da shi, Retta?" in ji Gordon. "Ba fitila, ba birki. Ko coci ba zai kai ki ba."

"Ina ruwanka? Ni na tambaye ka abin da za ka yi da taraktar da ba ta tashi sai an haɗa da addu'a?"

Ya yi dariya ya ƙyale ni. Amma tambayarsa tana kan hanya, don ni da babur ɗin nan ba mu taɓa shiri ba. Babana ya ƙera shi a shekarar da aka haife ni, kuma duk garin Marl Creek an san wanda ya fi samun hannunsa a cikinmu. Shi ya yanka bututun ƙarfen da kansa, ya lanƙwasa, ya yi walda, ya ɗora injin da ya tsinto a wurin 'yan gwangwan ya farke shi har ƙusa ta ƙarshe. In na yi zazzaɓi, sai ya taɓa goshina da bayan hannu ya ce zai wuce. In babur ya yi tari sau ɗaya, ranar ko abincin rana ba ya shigowa ci. Na yi kishin ƙarfe har na girma, ban kuma ji kunyar faɗa ba.

Sai dai ranar Asabar daban take. Ranar Asabar ake ɗora babur a bayan a-kori-kura mu tafi filin baje kolin gunduma, inda da'irar tseren take: rabin mil na ƙasa da 'yar tsakuwa, da lanƙwasa biyu, wato kwana, dukansu hagu. Babana bai taɓa hawa tsere ba, ya ce aikinsa yana ƙarewa a bakin layi. Mahayinsa Dewey Pruitt ne, wani siririn saurayi a lokacin, mai bakin da ba ya rufuwa. Su goma sha biyu za su taso a guje su nufi kwanar farko, ba mai birki ko ɗaya, sai kowa ya saki totur ya jefa babur a kaikaice, ya sauke ƙafar hagu mai takalmin ƙarfe tana jan ƙasa. Sauran sai ka ga suna kokawa da nasu kamar masu jan ɗan maraƙi zuwa kasuwa. Arba'in da ɗaya kuwa kwanciya kawai yake yi, ya lafe a gindin kwana, ya fito gaba. A daidai wannan lokacin babana yakan ɗaga ni ya aza a kafaɗa don in gani, kuma nan ne kaɗai na taɓa jin dariyarsa tana girgiza ƙafafuna.

Wannan nake so. Ba na son ganin babur a ɗakin ajiye kayan tarihi, ba na son abin da masu saye suka yi ta bugo waya suna tayawa. Ina so in tsaya a jikin shingen nan sau ɗaya, in ga arba'in da ɗaya ya kwanta a kwanar farko yadda yake kwanciya, ko zan ji babana ya dawo na minti biyu. Shekarata sittin da ɗaya, na yi talatin ina tuƙa motar 'yan makaranta, ba a san ni da kuka ba. Amma tun da aka binne babana nake farkawa da wannan abu a ƙirjina.

Kowane watan Agusta ana ware yini ɗaya a filin don tsofaffin babura. Sai na shirya na tafi wurin Dewey. Na same shi a barandar gidansa, shekara tamanin da ɗaya, ƙugu ɗaya na roba, bakin nan dai yana nan yadda na san shi.

"'Yar Orval! Kin zo ki gani ko na mutu ne? To ki koma, da saura."

"Kawu Dewey, mugu ai ba ya mutuwa da wuri. Zuwa na yi in tambaye ka ko har yanzu ƙafarka ta hagu tana aiki."

Da na faɗa masa abin da nake so, kafin ya buɗe baki aka riga shi. Matarsa Marlene ce ta leƙo ta ƙofa, hannunta duk garin fulawa.

"Kai da likita ya hana ka hawa tsani?" in ji ta. "Loretta, ke ma da hankalinki?"

"Zagaye biyu ne kawai, Anti. Ba tsere ba ne, nuni ne."

"Wannan tsohon ya san wani abu wai shi nuni? Da keken cefane ma tsere yake yi a kanti."

Dewey ya dube ta, ita ma ta daɗe tana dubansa. Can ta ce, "Biyu. In ka yi na uku, kada ka dawo gidan nan. Kuma daga su an gama, har abada." Ta koma ciki ta bugo ƙofa.

Da zan tafi na ce masa zan kai babur a duba shi, shekara hamsin ke nan yana barci. Ya ce, "A tayar da inji, a sa taya. Kada ki bari su cika masa kwalliya." Na ɗauka fenti yake nufi.

Wurin Brent Amstutz na kai shi, wani makanike a garin da ke gaba da namu, wanda aikinsa ke nan, farfaɗo da tsofaffin babura. Mutum ne mai tsabtar aiki, irin wanda ke jera sufana bisa tsawo. Da ya yaye bargon sai da ya cire hularsa. Ya bi layin waldar da yatsa ya ce bai taɓa ganin hannu irin wannan ba, ni kuwa kaina ya kumbura kamar ni na yi.

Wata safiya a watan Yuni ina tsinkar wake a lambu ya bugo waya.

"Madam Loretta, inji lafiya lau, zai tashi. Amma akwai matsala a ƙashin jikin, wato bututun ƙarfen da aka ɗora komai a kai. Na ɗora shi a ma'auni, ba a miƙe yake ba. Wuyan ya karkata hagu, tayar baya ma ba ta bin sawun ta gaba. Ya taɓa faɗuwa ne?"

Ya taɓa mana. Ina da shekara tara Dewey ya shiga cikin damin ciyawar da ake jerawa a bakin kwana, aka fito da shi da karyayyen ƙashin wuya, kuma ba a daɗe ba babana ya rufe babur da bargo. Nan take na haɗa lissafina, na ga komai ya fito fili.

"Zai gyaru?"

"Zai gyaru. In gasa shi da wuta in ja shi a hankali, ko alama ba za a gani ba. Amma ko za ki tambayi wanda ya san shi tukuna?"

Wannan kalma ita ta ɓata min rai. Tun ina yarinya maza ke tsallake ni su tambayi wanda ya sani. A gareji na girma, warin mai ne turarena, amma in ana zancen babur sai a ce in kawo kofi. Kuma wa zai gaya min halin ubana? Mutumin da in ya shiga gidan mutane ya ga hoto a karkace jikin bango sai ya tashi ya gyara, mutumin da kunyoyin masararsa kamar da zare aka ja su?

"Ni ce wadda ta san shi," na ce. "Babana ba ya barin abu a karkace. Miƙe shi."

Har daɗi na ji a ranar. Na ga kamar na yi wa babana aikin da baƙin ciki ya hana shi ƙarasawa, na kuma ƙudura ba zan gaya wa Dewey ba, ya hau ya ji da kansa.

Ranar tsofaffin babura ta zo da zafi irin na Agusta, iska ba ta motsi, ƙanshin gasasshiyar masara da tsiran alade ya cika filin. Motar ruwa ta zagaya ta jiƙa ƙasa. Da ni da Gordon da Brent muka sauke arba'in da ɗaya, tsofaffi suka yanyame shi, masu sanda da masu keken guragu, kowa da labarinsa. Wani ya ce a bayan babur ɗin nan ya ci ƙura shekara uku a jere, har yau in ya yi kaki ƙasar Marl Creek yake fitarwa. Dewey ya fito cikin rigar fatarsa ta da, wadda yanzu ta yi masa yawa a kafaɗa ta matse shi a ciki. Ya zauna a bayan mota ya ɗaura takalmin ƙarfe a ƙafar hagu, bakinsa na aiki.

"Gordon, kai za ka tura? Wayyo ni. Ubanka da hannu ɗaya yake tayar da shi, ɗayan yana riƙe da kofi."

"To ka sauko ka tura ni in hau, Kawu."

"Ka hau? Kai da ko dokin katako na yara sai da ya kayar da kai?"

Gordon da Brent suka tura, Dewey ya saki kuloci, injin ya yi tari biyu ya kama. Ban shirya wa wannan ƙara ba. Ta shigo min ta tafin ƙafa ta hau har maƙogwaro, ƙara mai kauri mai ɗan tsallake, wadda na ɗauka na manta. Na ruga jikin shinge, wurin da muke tsayawa, na riƙe katako da hannu biyu. Marlene tana gefena, ta juya wa filin baya, ta ce in faɗa mata in an gama.

Dewey ya taso ta miƙaƙƙen layi, kuma kamar yadda matarsa ta faɗa, bai san nuni ba. Ya buɗe totur. Ya iso kwanar farko, ya saki, ya sauke ƙafa, ni kuma na riƙe numfashi ina jira.

Babur bai kwanta ba. Ya miƙe abinsa ya nufi waje, Dewey yana danna shi da gwiwa da kafaɗa, yana kokawa da shi kamar yadda sauran suke yi a da. Sai da ya kusa gogar damin ciyawa sannan ya juyo da shi da ƙyar. Mutane suka tafa, don su a wurinsu tsoho ɗan tamanin ya sha kwana a kaikaice, abin tafi ne. Ni dai hannuna bai bar katako ba. Na ce ko tsufa ne, ko tsoro, ko sabuwar taya. Zagaye na biyu ya shigo a hankali, ya gwada ta ƙasa, ya gwada ta tsakiya, kamar mai laluben makunnin fitila a ɗakin da ba nasa ba. Daga nan ya fito daga filin, ya kashe inji tun kafin ya iso wurinmu.

Brent ya riƙe masa babur. Dewey ya cire hular kwano, gashinsa ya manne da gumi. Bai sauka ba, bai yi wasa ba, bai dubi kowa ba sai ni.

"Wa ya miƙe shi?"

"Ni na sa," na ce, muryata ta fara ƙanƙancewa. "Faɗuwar da ka yi ce ta lanƙwasa shi, Kawu. Na ce a mayar da shi yadda babana ya yi shi."

"Faɗuwata hannun babur kawai ta lanƙwasa, da ƙashina. A mako guda ubanki ya canja hannun." Ya shafa tankin. "Retta, haka ya yi shi. Da gangan ya karkata shi."

Na ce ba zai yiwu ba, na fara kawo zancen hoto a bango. Dewey ya girgiza kai.

"Hoto ai ba ya shan kwana. Ubanki cewa ya yi, abin da duk rayuwarsa hagu zai yi, don me za a gina shi kamar mai doguwar tafiya zuwa birnin Chicago? Damina biyu muka yi a kansa. Ya gasa ya ja kaɗan, in hau in zagaya, in dawo in ce ƙara, ko in ce ya yi yawa. Ya sake gasawa. Har ranar da na shiga kwana na ji ban yi komai ba, babur ya shiga da kansa ya tafi da ni. Na dawo ban ce uffan ba, shi ma bai tambaya ba, ya kashe wutar walda ya ce mu je mu ci abinci."

"To me ya sa bai taɓa faɗa ba?"

"Ya faɗa wa wa? Masu leƙe sun yi ta auna injinmu suna neman sirrin, har kuɗi aka biya wani ya kwance shi a gaban alƙalai. Ba wanda ya yi tunanin duba ƙashin. Mu biyu muka sani. Shi kuma kin san shi, ko gidansa na cin wuta sai ya gama tauna abin da ke bakinsa." Ya yi ajiyar zuciya. "Bargon ma ba faɗuwa ce ta sa ya rufa ba. Ni na ce na daina, Marlene tana da ciki. Ya ce to ba mai hawansa, don a jikina aka auna shi."

Na juya wurin Brent. Fuskarsa ta yi fari fat, ya kasa haɗa ido da ni.

"Ka mayar da shi," na ce. "Ka ce ka ɗora shi a ma'auni. Nawa ne karkatar?"

"Madam, ba wuri ɗaya ba ne. Wuyan, da ƙasan inji, da wajen tayar baya, kowanne da nasa, kuma akwai 'yar murɗiya a ciki. Ja na yi ta yi har allura ta tsaya a tsakiya." Ya dubi babur. "Ban rubuta ba. Na ɗauka rauni ne. Wa ke ajiye awon rauni bayan ya warke?"

Na so in zage shi, wallahi na so, zagin ma ya zo har bakina. Amma mutumin nan ya ce in tambaya, ni na hana. Garin neman gira na rasa ido, kuma da hannuna na tsokale shi. Babana bai bar min wasiƙa ba, bai bar min magana ba. Abu ɗaya ya faɗa a duniya da dukan zuciyarsa, ya faɗe shi a jikin ƙarfe, ya yi shekara hamsin a bayan gidanmu yana jirana, ni kuma na biya aka goge.

"Sai mu sake," na ce wa Dewey. "Yadda kuka yi. Brent ya gasa, kai ka hau ka ce ƙara ko rage."

Ya dubi Marlene. Ta matso ta riƙe masa hular kwano, idonta ya yi ja. Na ga sai da Gordon ya tallafe shi ta hammata kafin ya iya ɗaga ƙafa ya sauka. Damina biyu suka yi yana ɗan shekara ashirin. Ni ma na san amsar.

Aka fara kiran rukuni na gaba a lasifika, tsofaffin nan suka watse suka koma jikin shinge. Brent ya tura babur zuwa mota, yana ƙyalli, ba abin da za ka nuna ka ce ga aibinsa.

"Kawu Dewey," na ce, "to ka faɗa min kawai. Yaya yake? In ka shiga kwana, yaya ake ji?"

Ya buɗe baki, mutumin da bai taɓa rasa magana ba, ya rufe. Ya ɗaga hannu ya zana wani abu a iska, ya ga bai yi ba, ya sauke. Sai ya jawo ƙafarsa ya matso, takalmin ƙarfen yana kartar tsakuwa.

"Tsaya sosai. Haɗe ƙafafunki. Rufe ido."

Na rufe. Ya dafa kafaɗuna da hannu biyu, ya karkata ni hagu a hankali. Ya tsaya, ya ce a'a, ya dawo da ni kaɗan. Ya ɗan murɗa kafaɗata ta dama gaba, kamar faɗin yatsa. Ya tsaya yana saurare da tafin hannunsa, ya ƙara wani ɗan kaɗan da ban ma tabbata ya motsa ni ba.

"Nan," in ji shi. "Nan ne Orval."

Ya cire hannunsa. Na ji Marlene tana ce masa su je ya zauna a inuwa, na ji kartar takalmin tana nisa. Babura goma sha biyu suka taso a bayana, ƙasa tana rawa, Gordon yana kiran sunana yana cewa mutane fa suna kallona. Ƙafata ta hagu ta fara zafi, zafin ya hau har ƙugu. Ban buɗe ido ba, ban kuma miƙe ba, don na san in na miƙe ba wanda zai sake mayar da ni.